Shanun da Na Saka a Waya

Ni mace ce mai riƙo, kuma ban taɓa musun haka ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce tun ina ƙarama a Kwandere in akuya ta ci mini gyaɗa, sai na gane ta a cikin garke ko bayan damina biyu. To, a wannan karon ba akuya ce ta taɓa ni ba, mataimakin hedimastan makarantarmu ne, kuma abin da ya taɓa ya fi gyaɗa.

Makarantarmu firamare ce a gefen hanyar da ta fita daga Lafia zuwa Assakio. Na shekara goma sha tara ina koyarwa a cikinta, har na koyar da 'ya'yan waɗanda na koyar. A kowane aji sai ka tarar da ɗan Gwandara, ɗan Alago, ɗan Eggon, ɗan Migili da ɗan Fulani a benci guda, kowa da harshen da ya bari a gida. Abin da ya haɗa su Hausa ce. Doka ta ce daga aji huɗu Turanci zalla za a yi. Ni kuwa lissafi nake koyarwa, kuma na daɗe da gane cewa yaron da bai fahimci abu da Hausa ba, ko ka maimaita masa da Turanci sau ɗari kai kawai zai gyaɗa maka. Saboda haka Turanci na kan allo, Hausa na bakina, 'ya'yan agushi kuma na cikin jakata don ƙirga da rabawa.

Al'adar makarantarmu ita ce malami ya ɗauki yara daga aji huɗu, ya raka su har aji shida, ya kai su jarrabawar fita da hannunsa. Yaran da nake magana a kansu suna aji biyar a lokacin, zango ɗaya ya rage mu shiga shida tare. Na san mai jin yunwa a cikinsu, na san mai ƙarya, na san wanda ba ya ganin allo sai an matso da shi gaba. Nawa ne.

Mataimakin nan ya zo mana shekara biyu kafin nan, matashi, da digirinsa da gilashinsa da takalmi mai ƙara. Shi ke riƙe da guruf ɗin malaman yankinmu a waya, shi ke saka mutum, shi ke cirewa. Yakan kira ni Mama, amma akwai Mamar girmamawa, akwai ta a matsa a ba mu wuri. Tasa ta biyun ce.

Wata Laraba a farkon zango na uku ina zaune a ƙasa da yara, mun zube agushi muna raba shi kashi-kashi. Ɗankwalina ya zame, gumi ya jiƙa ni, ina daka wa wani yaro tsawa, "Kashi uku na ce, ba huɗu ba, kai ɗan nema!" Ashe mutumin nan yana tsaye a bakin taga yana ɗaukata bidiyo. Kafin a tashi ya saka shi a guruf, ya rubuta a ƙasa da Turanci abin da ke nufin, wannan aji ne ko kasuwar agushi?

Ban gani da kaina ba. Wayar da babbar 'yata ta saya mini tana cikin jaka, ba na komai da ita sai amsa kira da kallon katin biki. Madam ce ta nuna mini, malamar aji uku, 'yar Eggon, ƙawata tun shekaru. Ta nuna mini bidiyon, ta nuna mini 'yan fuskokin dariya da aka jera a ƙarƙashinsa, sannan ta yi kuskuren nuna mini cewa in ka danna za ka ga sunan duk wanda ya yi dariyar. Na danna. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya har na haddace. A ciki har da matar da na wuni ina tuƙa tuwo ranar sunan ɗanta. Har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwa nakan gaishe shi lafiya lau, amma na sani, shi ma ya san na sani.

Bayan mako guda aka liƙa takardar rabon azuzuwa na shekara mai zuwa a ƙofar ofis. Aji shida, mataimakin hedimasta da kansa. Ni kuma aji ɗaya, wurin masu majina da kukan a mayar da su gida. Na shiga wurin hedimasta, dattijo ne da ya kusa ritaya, ba ya son hayaniya ko ta sauro.

"Malama, a yi haƙuri," in ji shi, yana kallon teburinsa. "Maganar ta kai sama. An ce a ba ajin jarrabawa wanda zai yi musu Turanci."

"Ranka ya daɗe, shekara nawa ina fitar da yara a makarantar nan?"

"Na sani, Malama. A dai yi haƙuri."

Da na koma gida maigidana ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma ni ma ba zan naɗe hannu ba. Ban iya cin abinci ba ranar nan. Ba kunyar bidiyon ce ta fi ci mini rai ba, tunanin cewa mutumin nan zai tsaya a gaban yarana yana zuba musu Turanci suna gyaɗa kai, shi ne ya fi damuna.

Washegari lokacin tara Madam ta same ni a gindin mangwaron bayan aji, inda nan ne kaɗai netuwok ke kamawa sosai a makarantar. Hausar Madam ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinta.

"Malama, abeg ka share hawaye. Shi ya harbe ka da waya, kai ma ka harbe shi da waya. Abi hannunka ya karye ne?"

"Ni me na sani a waya, Madam?"

"Ni fa? An haife ni da shi ne? Ridi da man gyaɗa da nake sayarwa, ba a waya mutane ke oda ba? Kawo wayan naka."

A gindin mangwaron nan ta buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta, sannan ta buɗe mini bulog. Na ce mene ne bambancinsu, ta ce bulog allonka ne na kanka wanda ba mai gogewa, shafi kuma bakin hanya ne inda za ka tsaya kana kiran mutane su zo su ga allon. Sau uku ina manta kalmar sirri a mako na farko, har ta gaji ta sa na rubuta ta a bangon littafin shirya darasi. Hoton farko da na ɗauka rabinsa babban yatsana ne. Rubutun farko da na saka, kan yadda ake koya wa yaro rabawa da 'ya'yan agushi, ya ɗauke ni kwana biyu ina latsa harafi ɗaya-ɗaya. Mutum biyu suka yi magana a ƙarƙashinsa. Ƙanwata ta rubuta Amin. Wani kuma daga Kwandere ya tambaya ko mudun agushin yana nan ko an sayar.

Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kafa mini dokoki. Kada ya yi tsawo, mutane a kan acaɓa suke karantawa. Kullum a saka, ko kaɗan ne. A ɗauki hoto da safe a bakin ƙofa inda haske yake. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Fuskar yara kuma, no. Ko da wasa. Iyaye za su cinye ka ɗanye." Wannan dokar na riƙe ta da kyau. Hannaye nake ɗauka, da littattafai, da allo, ban taɓa nuna fuskar yaro ba, kuma saboda haka na ɗauka na gama kiyaye duk abin da ake kiyayewa.

Yanzu akan gayyace ni taron malamai in ba da labarin yadda na fara, kuma nakan ce kishin ilimi ne. Ƙarya nake. Duk rubutun da na saka a watannin nan dutse ne na ɗauka na auna goshin mutum ɗaya. Na kai yara gonar doyar da ke bayan makaranta muka ƙirga layi, muka ƙirga tulin da ke kowane layi, suka gano ninkawa da ƙafafunsu cikin taɓo. Na saka. Na aro mudu da rabin mudu wurin Madam muka auna ridi har mafi daƙiƙancinsu ya gane me ake nufi da rabi da kwata. Na saka. Kowace safiya kuma sai na tura mahaɗin rubutun cikin guruf ɗinsa, in rubuta a ƙasa, daga kasuwar agushi.

Ya goge na farko, ya goge na biyu. A na uku ya rubuta dogon gargaɗi cewa guruf na sanarwar aiki ne, ba na talla ba. A na biyar ya cire ni. Madam ta ci gaba da turawa, ya cire ta ita ma, ta ce ya rage mata cin data. Daga nan wasu da ban ma sani ba suka riƙa turawa. Wani malami daga Arikya ya rubuta cewa ya gwada darasin doya da yaransa kuma sun gane. Na ji daɗi, amma in faɗi gaskiya abin da ya fi mini daɗi shi ne a cikin guruf ɗin ya rubuta, inda mai gilashi zai karanta. Da tsohuwar zuma ake magani, na ce a raina, bari ya lasa.

Duk da haka takardar tana nan a ƙofar ofis yadda take. Kullum sai na wuce ta na ga sunana a jikin aji ɗaya. Mako uku ya rage a rufe makaranta, ni kuwa ban samu abin da zai kayar da shi gaba ɗaya ba.

A ajina akwai wata yarinya Bafulatana, ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba. Rugarsu na bayan rafi, sun daɗe da zama a wurin har suna noman masara. Kullum a makare take zuwa, tana ƙanshin hayaƙi da madara, domin sai ta taya mahaifiyarta tatsa kafin ta kamo hanya, kuma ban taɓa dukanta a kan haka ba. Mahaifinta da kansa ya kawo mini ita a aji huɗu, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce, "Malama, ga amana." Ba ta da surutu. Amma kafin in gama rubuta tambaya a allo ta gama lissafinta a kai, sai ta sunkuyar da kai tana jira sauran su iso. A shekara goma sha tara ban koyar da mai kaifin kanta ba.

Wata Alhamis na ba su aikin gida. Kowa ya ƙirga wani abu da suke da shi a gida, ya raba shi iri-iri, ya fitar da kason kowane iri. Ranar Litinin wani ya kawo kaji, wani kwanuka, wani ya ƙirga ƙannensa ya raba su masu kuka da marasa kuka. Ita kuwa ta jira har kowa ya fita tara, sannan ta ajiye mini littafinta a tebur.

Shanun mahaifinta ta ƙirga. Ta ja layi da rula ta yi gida-gida: farare, jajaye, baƙaƙe, masu roɗi-roɗi. A ɗaya gefen bijimai, karsana, masu tatsa, maruƙa. Ta fitar da kason kowanne, ta rage shi har ƙarshe, ta haɗa ya koma ɗaya cif. A ƙasa ta zana rafi, ta zana hanyar da take bi zuwa makaranta, ta zana rugar da inda ake ɗaure kowane rukuni. A sama kuma, kamar yadda ni na koya musu, ta rubuta sunanta da na mahaifinta. Adadin yana kaina har yau, amma ba zan rubuta shi a nan ba.

"Malama," ta ce a hankali, tana nufin mahaifinta, "Baffa bai sani ba. Mu ba ma ƙirgawa. Da tsakuwa na yi, lokacin tatsa."

Na ji ta sarai. Kuma ba baƙuwa ba ce ni. Na tashi ina ganin mahaifiyata tana musayar dawa da nono a ƙofar gida. Na san Bafulatani ya san kowace saniya da sunanta, da uwarta, da kakarta, in ɗaya ta ɓata a cikin ɗari zai gane kafin ya gama waiwaye, amma ba ya ƙirga su a fili kuma ba ya faɗa wa kowa yawansu. Da can tsoron baki ne. A zamanin nan kuwa, da ɓarayin shanu da masu ɗauke mutum su tambayi abin da ya mallaka, abin ya wuce maganar baki. Duk na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma da na kalli shafin nan ban ga shanu ba, sanda na gani, daidai tsawon bayan mataimakin hedimasta.

Madam ba ta nan ranar, ta tafi ƙauyensu jana'iza. Na kai littafin bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauki hoto mai kyau, mafi kyau da na taɓa ɗauka. Babu fuska a ciki, saboda haka ban karya doka ba. Na rubuta cewa wannan aikin yarinya ce 'yar aji biyar, wadda a gidansu ba a jin Turanci, an koya mata da Hausa da 'ya'yan agushi. Na rufe da cewa, ga abin da kasuwa ta haifa, mai shakka ya kawo nasa.

Kafin azahar wayata ta yi zafi. Mutanen da ban taɓa ji ba suna turawa, suna yabo, malamai suna neman in koya musu. Na gano daga baya cewa hoton ya shiga guruf ɗin 'yan kasuwa, ya shiga na masallatai da na coci, ya shiga har na direbobi. Kwana uku ina caji sau biyu a rana. Ranar Alhamis wani jami'i daga ofishin ilimi ya zo da mota, ya zauna a bayan ajina ya kalli darasi daga farko har ƙarshe, ya ɗebi agushi da hannunsa ya raba tare da yara. Aka tara malamai a ofis. Ya ce irin wannan koyarwar ake nema, ya ce a tafa mini.

Na zuba wa mataimaki ido. Ya tafa. Tafin kamar mai kashe sauro a ɓoye, amma ya tafa, kuma kowa ya gani. Wallahi ban taɓa jin sanyi a ƙirjina irin na lokacin nan ba. Ashe gaskiya ne, ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Da muka fito na tsaya a gabansa na ce, "Yallaɓai, in matarka tana son agushi a yi magana, kasuwarmu a buɗe take." Ya juya ya wuce. Washegari aka cire tsohuwar takarda aka liƙa sabuwa, sunana a jikin aji shida. Sau uku na wuce ta ƙofar ofishinsa ranar nan ba tare da wani aike ba.

Ina cikin wannan shagalin ban lura sosai ba cewa yarinyar ba ta zo ranar Juma'a ba. Na ce ko rafi ne ya cika. Litinin ba ta zo ba, ga jarrabawar ƙarshen zango an fara. Talata Madam ta dawo daga jana'iza, na miƙa mata waya da fara'ata in nuna mata abin da ta rasa. Ta kalli hoton, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu, ta kalle ni.

"Malama! Ka saka shanun mutum a waya? Da suna, da hanya, da komai?"

"Ai babu fuska."

"Wane fuska? Ɓarawo yana neman fuska ne? Kai da ka girma da su! Goge shi, goge shi yanzu yanzu!"

Na goge a shafi, na goge a bulog. Madam ta ce aikin banza ne, wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Har a ranar wani ya sake turo mini hoton, yana tambaya ko na san malamar da ta yi wannan aiki.

Ranar Asabar da safe na hau acaɓa zuwa bakin rafi, na tattare zane na tsallaka, na bi hanyar da ta zana. Zanen bai ɓata ko kwana ɗaya ba, ya kai ni har ƙofa, kuma haka zai kai kowa. Rugar ta yi shiru. Rabin turakun babu komai a kai. Dangwali, doguwar igiyar da ake jera maruƙa, yana kwance a ƙasa da 'yan maruƙa uku a ƙarshensa. Inda bukkar mahaifiyarta take sai zagayen ƙasa busasshe da duwatsun murhu.

Mahaifin yana zaune a tabarma yana tufka igiya. Ya amsa sallamata, ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa doguwar gaisuwa, gida da aiki da damina, kamar babu komai. Ya kawo mini ruwa da kansa, ya ce in yi haƙuri babu nono, matan ba sa nan.

"Baffa, na zo ne a kan yarinya."

"Na sani, Malama." Bai daina tufka ba. "Ranar kasuwar Assakio wani mutum da ban sani ba ya tare ni, ya ce ashe jajayena sun kai kaza. Ya faɗi daidai. Na dawo gida. Da la'asar sai ga malaminku mai gilashi a kan babur, ya nuna mini a waya."

Jini ya hau mini kai. "Shi ne? Baffa, mutumin nan ba don Allah ya zo ba. Faɗa muke da shi. Ya zo ne don ya ɓata ni a wurinka."

"Na ga haka. Yana nuna mini yana murmushi." Ya ɗago ya dube ni. "Amma abin da ke akwai ya nuna mini. Wa ya saka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ke da shi kuke faɗa, Malama. Me ya kawo shanuna ciki?"

Na ce na goge, na ce ban yi da nufi ba, na faɗi duk abin da mai laifi ke faɗa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce ya sa an karanta masa takardar layi-layi, kuma yarinyar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, har saniyar da ƙafarta ta karye ta saka ta a gidanta. Da ya faɗi haka na ga alfahari a fuskarsa, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

"Tunda lissafin gaskiya ne, dole in mayar da shi ƙarya," in ji shi. "Na raba garken. Masu tatsa sun tafi wurin ƙanena, can gaba da Arikya, cikin daji. Inda masu tatsa suke nan uwarta take, inda uwarta take nan take."

"Akwai makaranta a can?"

"Babu kusa."

"To ka ba ni ita, Baffa. Ta zauna a gidana a Lafia, da 'ya'yana, ci da sha da komai a kaina. Shekara ɗaya kawai ta rage mata ta yi jarrabawa. Yarinyar nan in ta samu hanya sai ta koyar da mu duka."

Ya ajiye igiyar. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Na ba ki ita shekara biyu, daga safe zuwa azahar, kin saka ni a waya. In na ba ki ita dare da rana, ina za ki saka ni?"

Ya rako ni har bakin rafi, ya ce in gaida gida.

Ban yafe wa mai gilashi ba, kuma kada wani ya zo mini da wa'azi. Na tsane shi saboda bidiyon, na fi tsanarsa saboda tafiyar da ya yi zuwa rugar nan, domin a ranar muguntarsa ta faɗo daidai kan gaskiya, kuma ya sani. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai in mun haɗu a baranda ya cire gilashi ya goge, ya ce, "Mama, ya yara?" Ni kuma in amsa masa iyakar abin da addini ya wajabta, in wuce. Ina nan ina jiransa. Mutum irinsa ba ya rasa ranar da zai zame, kuma ranar nan zan kasance a kusa, da waya cike da caji.

Bulog ɗin yana nan, ina sakawa kusan kullum, mabiya sun yi yawa. Kafin in saka aikin kowane yaro yanzu sai na je gidansu da ƙafata na nuna wa iyayensa, ko da kaji ya ƙirga.

Ranar da aka koma makaranta na shiga aji shida, ajin da na yi wa yaƙi zango guda. Yara suka miƙe suka gaishe ni da ƙarfi, suna murna ni ce. Na zauna na buɗe sabuwar rajista, wadda na kwafe sunayen da hannuna daga ta bara ban tsallake kowa ba, na fara kira. Da na zo kan nata na kira sau biyu, kamar ban sani ba.